Abin da Ruwa Ya Ajiye: Tattara Kayan Jiragen da Suka Nutse

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Guri ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san kwalekwale tun kafin ya san mota. Da damina ta yi nisa, kogin Haɗejiya ya tumbatsa, fadama ta cika, sai hanyoyi su yanke. Mai zuwa kasuwa, da mai zuwa gonar shinkafa, da ɗalibi mai komawa makaranta bayan hutu, kowa sai ya nemi mai fito. In kwalekwale ya tsufa ya fara shan ruwa, akan ja shi bakin gaɓa a bar shi nan. Shekara ɗaya, shekara biyu, laka ta rufe shi, kacala ta tsiro a kansa, an manta da shi.

To, a ce bayan shekara dubu wani ya zo haƙa rijiya ya ci karo da wannan kwalekwale. Na wane ne? Nawa ne kuɗinsa? Ya halatta ya tsaga shi ya sayar da guntayensa ga masu sha'awar kayan da? Wannan tambaya ba tatsuniya ba ce. Ta riga ta auku kusa da mu, ta kuma auku a manyan tekunan duniya, inda ake da mutanen da sha'awarsu ita ce tara kayan shahararrun jiragen da suka nutse, suna biyan maƙudan kuɗi a kansu. Mu 'yan ƙungiyar tarihi ta makaranta mun ga ya kamata a bana mu kawo wa 'yan'uwa ɗalibai, da malamanmu, da iyayenmu na ikkilisiya bayani a kan wannan al'amari: mene ne ake tarawa, me ya sa ake tarawa, da kuma abin da akan yi hasara in an tara ta hanyar da ba ta dace ba.

Kwalekwalen Dufuna

Bari mu fara daga gida. Ruwan Haɗejiya da na Jama'are su ne ke ratsa fadamarmu, su zama kogin Yobe a wajejen Gashuwa, su gangara zuwa Tafkin Cadi. Akwai wani kogi, Komadugu Gana, wanda shi ma cikin Yobe yake zuba ruwansa. A kusa da wannan kogi, tsakanin Potiskum da Gashuwa, akwai ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune. A lokacin da abin da za mu faɗa ya faru ƙauyen yana cikin Jihar Borno, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe, rana ɗaya da tamu Jigawa.

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya don shayar da dabbobinsa, sai ya ci karo da wani baƙin katako mai tauri a can ƙasa. Da ma yana iya sare abin da ya tare masa hanya ya ci gaba da haƙarsa. Bai yi haka ba. Ya kai labari wurin mai gari, daga nan magana ta kai ga hukuma. Malam Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri ya fara bincike a wurin, sa'an nan a 1994 shi da Farfesa Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus suka jagoranci tono. Leburori kamar 50 suka yi mako biyu suna aiki kafin abin ya bayyana sarai. Ashe kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungume guda na itacen dangin maɗaci, yana kwance a zurfin kusan mita 5. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita, gabansa da bayansa an fiƙe su da gwaninta.

Aka ɗauki ƙananan ɓarɓashinsa aka kai ɗakunan gwaji biyu a Jamus. Kowane itace yana shaƙar wani sinadari da ake kira kabon 14 muddin yana raye. Daga ranar da aka sare shi sinadarin zai fara raguwa, rabinsa yana ƙarewa a kowace shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura, sai a ƙiyasta lokacin da itacen ya mutu. Gwajin ya nuna cewa kwalekwalen Dufuna ya kai shekara 8,000. Wato shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin 'yan ƙalilan mafi daɗewa a duniya. Ya girme wa jirgin Fir'auna Kufu, wanda aka samu kusa da babbar dalar Masar a 1954, da fiye da shekara 3,000. A zamanin da aka sassaƙa shi Tafkin Cadi ya ninka na yanzu sau da yawa, ƙasar da muke gani busasshiya kuwa tana cike da ruwa da manyan itatuwa. Ba a ɗaga kwalekwalen daga raminsa ba sai 1998, bayan an shirya inda za a jiƙa shi, aka kai shi Damaturu.

Mu riƙe wannan labari a zuciya, domin da shi za mu auna sauran.

Jirage biyu a kogin Kwara

Ƙasarmu tana da wasu jiragen da suka halaka waɗanda sunansu ya shiga littattafan tarihi. Na farko shi ne na Mungo Park, likita ɗan ƙasar Sikotland da ya ɗauri aniyar bin kogin Kwara har ya ga inda ya ƙare. Ya haɗa jirginsa a Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yau, ya sa masa suna Joliba, ya tashi a watan Nuwamba na 1805. Ya wuce Yawuri, amma a farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, Park da sauran Turawan da suka rage tare da shi suka mutu a ruwa. Daga nan aka shiga farautar kayansa, musamman littafin da yake rubuta labarin tafiyarsa. Da Richard Lander da ƙanensa John suka isa Busa a 1830, abin da aka nuna musu wani littafin lissafin matuƙa jirgi ne, wanda mai shi ke ajiye da shi kamar laya. Littafin labarin tafiyar kuwa ya tafi ke nan. Tsohuwar Busa ita kanta ta shige ƙarƙashin ruwa da aka gama madatsar Kainji a 1968.

Na biyu ya shafi tarihin ikkilisiya a ƙasar nan. A 1857 wani jirgi mai tafiya da tururi, mai suna Dayspring, ya hauro Kwara a ƙarƙashin jagorancin Dokta William Baikie. A cikinsa akwai Rabaran Samuel Ajayi Crowther, wanda shi kansa daga jirgin bayi aka ceto shi yana yaro a 1822, da kuma wani hafsan sojan ruwa, John Glover. A watan Oktoba na wannan shekara jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya fashe. Mutanen suka fita gaɓa, suka kafa bukkoki, suka zauna kusan shekara guda kafin wani jirgi, Sunbeam, ya zo. Wannan zaman dole bai tafi a banza ba. Crowther ya yi amfani da shi wajen nazarin harshen Nufanci, ya kuma zama Bishop a 1864. Baikie ya kafa zango a Lakwaja, ya ziyarci Kano a 1862, ya fassara wasu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Glover kuwa a 1863 ya kafa rundunar da aka yi wa laƙabi da Hausawan Glover a Legas, wadda daga gare ta ake ƙirga asalin sojan Nijeriya. Bayan shekaru da dama aka tsamo wasu ƙarafan injin Dayspring aka ajiye su a tashar jirgin ƙasa ta Jebba.

Titanic da kasuwar kayansa

In ana zancen tara kayan jiragen da suka nutse a duniya, sunan da ke gaba shi ne Titanic. Ya tashi daga Southampton ta Ingila zuwa New York ta Amurka a tafiyarsa ta fari, ɗauke da mutum fiye da 2,200. A daren 14 ga Afrilu 1912 ya gogi wani dutsen ƙanƙara a Tekun Atlantika, kafin asuba ya nutse. Fiye da mutum 1,500 suka rasu. Sai ran 1 ga Satumba 1985 ayarin Robert Ballard na Amurka da Jean-Louis Michel na Faransa suka gano inda yake kwance, a zurfin kamar mita 3,800, ya rabu gida biyu.

Kayan Titanic da ake magana a kansu iri uku ne, ya kuma kamata mu bambanta su.

Iri na farko shi ne abin da bai taɓa kaiwa ƙasan teku ba: wasiƙu, da takardar jerin abinci, da agogo, da rigar ceto, waɗanda suka fito daga hannun waɗanda suka tsira ko aka samu a jikin gawarwakin da aka tsamo. An miƙa su ga dangi, jikoki kuma suka riƙa kai su gwanjo. Gogen Wallace Hartley, shugaban makaɗan da suka ci gaba da kiɗa jirgi yana nutsewa, an sayar da shi fam 900,000 a watan Oktoba na 2013, bayan an yi shekara bakwai ana bincike don a tabbatar nasa ne. Agogon aljihu na zinariya na attajiri John Jacob Astor ya haura fam miliyan ɗaya a Afrilun 2024.

Iri na biyu shi ne abin da aka ɗauko daga ƙasan teku. Tsakanin 1987 da 2004 kamfanin da ya sami izinin wannan aiki ya ɗauko abubuwa kamar 5,500: faranta, da kwalabe, da akwatuna, da tufafi, har da wani ɓangaren jikin jirgin mai nauyin tan 15 da aka ɗaga a 1998. Wata kotu a Amurka ta ɗora wa kamfanin sharaɗi cewa kada a rarraba waɗannan kaya, a adana su wuri guda don jama'a. Abin da aka sayar wa mutane ɗaiɗai shi ne guntayen kwal ɗin da jirgin ke ƙonawa.

Iri na uku shi ne na jabu. Duk inda kuɗi ya taru, macuta ba su nisa. Tsohon cokali ko guntun katako ba shi da baki, ba zai ce daga ina ya fito ba. Shi ya sa masu wannan harka ke cewa takardar da ke nuna hannun da abu ya bi, daga mai shi na farko har zuwa yau, ita ce rabin kuɗinsa. Mu ma da muke karanta labarin haɗarin jirgin Manzo Bulus a Ayyukan Manzanni sura 27, inda aka yanke anka huɗu aka bar su a teku, sai mu yi hattara. An tsamo ankoki da yawa na zamanin Romawa a kewayen tsibirin Malta, wasu kuma sun yi iƙirarin cewa na jirgin Bulus ne. Amma jirage barkatai ne suka bi ta wannan ruwa a wancan zamani, kuma ba wata anka da ke ɗauke da sunan manzon.

Me ya sa mutane ke tara su?

Kada mu yi saurin zargi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da ya karanta labarin Crowther a aji, in ya tsaya gaban ƙarfen Dayspring ya taɓa shi, labarin zai zauna masa daban. Wannan sha'awa ita ce ke sa mu ajiye sandar kakanmu ko tsohon littafin waƙoƙin kakarmu ko da sun tsufa. Wasu masu tarawa dangin waɗanda suka mutu ne. Wasu kuma sun ceci takardu da hotunan da da an zubar da su, daga baya suka ba gidajen tarihi aro ko kyauta. Akwai kuma waɗanda kasuwanci ne kawai ya kawo su, suna saye yau don su sayar gobe da riba.

Ajiye wasiƙar da wani ya rubuta a cikin jirgi ba laifi ba ne. Inda matsala take shi ne zuwa inda jirgi yake kwance a ɓamɓaro abu a sa aljihu. Akwai hasara iri uku da ke biyo bayan haka.

Hasara ta farko: abin yakan lalace

Abin mamaki shi ne, ruwa da laka da suka haɗiye jirgi su ne kuma ke tsare shi. Gara da ƙwayoyin da ke ruɓar da itace suna bukatar iska. A can cikin jiƙaƙƙiyar laka babu iska, shi ya sa kwalekwalen Dufuna ya kai shekara 8,000, alhali ƙyauren da muka kafa shekara goma da suka wuce gara ta cinye shi. Amma a tsawon wannan zama naman itacen yakan zube a hankali, ruwa ya maye gurbinsa. Ruwan ne ke riƙe da siffarsa. In aka fito da shi rana, abin da ke samun tumatir in an shanya shi ya zama kauɗa shi zai same shi: ya motse, ya karkace, ya tsattsage. Ba kuma a iya mayar da shi yadda yake.

Maganin da masana suka samo shi ne a jiƙa katakon cikin wani sinadari mai kama da kakin zuma wanda ke narkewa a ruwa, har ya ratsa ko'ina ya maye gurbin ruwan, sa'an nan a busar da shi sannu a hankali. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628 aka ɗaga shi a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa wannan sinadari. Mary Rose na Ingila, wanda ya nutse a 1545 aka ɗaga shi a 1982, an fesa masa daga 1994 har 2013. Ƙarfe ma haka yake. Gishirin teku yakan shige cikinsa, in ya sha iska sai tsatsa ta ci shi daga ciki ya ɓarɓashe. Mutumin da ya ɗauki abu ya kai ɗakinsa ya ajiye a kan kabad, sau da yawa kashe shi ya yi da hannunsa bai sani ba.

Hasara ta biyu: labarin yakan ɓace

A ce makiyayin nan na Dufuna ya sare guntun katakon ya kai kasuwa. Me zai samu? Kuɗin itacen girki. Darajar kwalekwalen ba a jikin katakon take ba. Tana cikin sanin zurfin da aka same shi, da irin ƙasar da ke samansa da ƙarƙashinsa, da siffarsa cikakkiya. Waɗannan su ne suka gaya mana cewa mutanen wannan kwari sun ƙware a sassaƙa da tuƙi tun kafin a gina dalar Masar.

Jirgin da ya nutse kamar littafi ne. Inda aka sami tukunya ya nuna madafa, inda aka sami akwati ya nuna wanda ya kwana a wurin. Mai ɗaukar abu ɗaiɗai kamar ɗalibin da ke yage shafi daga littafin laburare ne. Shi bai sami cikakken labari ba, ya kuma hana na bayansa.

Ga misali. A watan Disamba na 1794 wani jirgin bayi na Fotugal, São José, ya fashe kusa da Cape Town a kan hanyarsa daga Mozambik zuwa Brazil, ɗauke da 'yan Afirka fiye da 400 a ɗaure. Kamar rabinsu suka mutu, waɗanda suka tsira kuma aka sake sayar da su. Masu neman dukiya sun riga sun taɓa wurin suna zaton wani jirgi ne daban. Da masana suka bi a hankali, suka sami sandunan ƙarfe da ake jibgewa a cikin jirgi don ya daidaita a ruwa, suka haɗa da takardun da ke Lisbon waɗanda suka nuna an loda wa São José irin waɗannan sanduna. A 2015 aka bayyana sakamakon. Sandar ƙarfe mai tsatsa ba ta da kuɗi a kasuwa, amma ita ce ta ba da shaida a kan mutanen da ba a ko rubuta sunayensu ba.

Hasara ta uku: ana taɓa kabari

Mu mutanen bakin kogi mun san abin da ake nufi in aka ce kwalekwale ya kife. Mun san yadda gari ke tsayawa cik, masu nutso suna nema, iyaye suna zaune a gaɓa. Akwai gidajen da ba su taɓa samun gawar da za su binne ba. A wurinsu wannan gurbin ruwa shi ne kabarin. Yaya za su ji in suka ga takalmin ɗansu a kan teburin mai gwanjo?

A kewayen Titanic an ɗauki hotunan takalma ƙafa biyu biyu kwance kusa da juna a ƙasan teku, inda jikin masu su ya narke tuntuni. Ballard, wanda ya gano jirgin, ya ƙi ɗaukar kome, ya kuma yi ta kira da a bar wurin. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira suna yara, waɗanda iyayensu suka mutu a ciki, sun ɗauki ɗebo kayan a matsayin tonon kabari. Masu ɗebowa kuwa suka ce ƙwayoyin da ke cin ƙarfe suna cinye jirgin, in ba a ɗauko ba kome zai ɓace. Kowane ɓangare yana da hujja, amma ko mai hujja ta biyu bai ce kowa ya je ya ɗauki rabonsa ba. Zurfin teku kuma ba wurin wasa ba ne. A watan Yuni na 2023 wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Titan, da ke kai masu kuɗi kallon Titanic, ya murƙushe a ƙarƙashin ruwa, mutum biyar da ke ciki suka mutu.

Ƙararrawar Mendi

Akwai wani labari da ya nuna cewa abin da aka ɗauka yana iya komawa ga masu shi. Mendi jirgin kamfanin Elder Dempster ne da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashi sojojin Nijeriya zuwa Afirka ta Gabas a 1916. A farkon 1917 ya ɗauki baƙaƙen leburorin soja fiye da 800 daga Cape Town zuwa Faransa, ya kuma yada zango a Legas. Da asubahin 21 ga Fabrairu 1917, cikin hazo, wani jirgi mai suna Darro ya dake shi kusa da gaɓar Ingila. Mutum 646 suka mutu, galibinsu baƙaƙen Afirka ta Kudu.

Da aka gane inda yake kwance a 1974, masu nutso suka riƙa zuwa suna ciro tagogi da faranta don ajiyewa a gida. Ƙararrawar jirgin ma ta ɓace. A 2017 wani da bai faɗi sunansa ba ya buga wa wani ɗan jaridar BBC waya, ya bar ƙararrawar a ƙunshe a bakin gaɓa a garin Swanage. A watan Agusta na 2018 Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ta miƙa ta ga Shugaba Cyril Ramaphosa a Cape Town. Shekarun da ta yi a ɓoye a hannun mutum ɗaya, ba wanda ta amfana, har mai riƙe da ita bai iya nuna ta a fili ba. Da ta koma, sai ta zama ta jikokin mutum ɗari shida.

Abin da doka ta ce

Mukan ji ana cewa tsintuwa ba sata ba ce. A wannan fage maganar ba ta tsaya ba. A 2001 hukumar UNESCO ta zartar da yarjejeniyar kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, wadda ta fara aiki a 2009. Nijeriya ta amince da ita a 2005. Ta shafi duk abin da ya yi shekara 100 a ruwa, a teku ne, ko kogi, ko tafki. Ta ce abin da za a fara dubawa shi ne a tsare kaya a inda suke, kada a mai da su hajar ciniki, a kuma girmama ƙasusuwan mutane. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2007 wani kamfanin Amurka ya ɗebo tsabar azurfa da zinariya kusan 600,000 daga jirgin yaƙin Sifen mai suna Mercedes, wanda ya nutse a 1804. Bayan doguwar shari'a, a 2012 aka tilasta masa ya mayar wa Sifen da su duka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A gida kuma, Doka ta 77 ta 1979 ita ce ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ta wajabta wa wanda ya tsinci kayan tarihi ya sanar da hukuma, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da takarda ba.

In mu ne muka tsinta fa?

Fadamarmu ba ta zama wuri ɗaya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya sake hali, kacala ta toshe wasu hanyoyinsa, ya buɗe wasu. Kowace ambaliya tana zaizaye gaɓa, kowane rani ana haƙa rijiyoyi, ana yashe magudanai, ana ɗiban ƙasar bulo. Irin lakar da ta ajiye kwalekwalen Dufuna ita ce a ƙarƙashin ƙafarmu. Saboda haka ga shawararmu ga duk wanda ya ci karo da tsohon katako, ko tukunya, ko ƙarfe, ko ƙashi a cikin ƙasa ko ruwa.

Da farko, a dakatar da haƙa. Kada a ja abin, kada a sare gefensa don a ga ko mene ne. Na biyu, in a jiƙe aka same shi, a bar shi a jiƙe, a rufe shi da lakarsa, kada rana ta taɓa shi. Na uku, a rubuta rana, da wurin, da zurfin, a ɗauki hoto ko a zana shi yadda yake kwance. Na huɗu, a sanar da mai unguwa ko dagaci, da malamin tarihi, su kuma su kai magana ga ƙaramar hukuma da ma'aikatan gidan tarihi. Na biyar, in baƙo ya zo da kuɗi yana neman saye a ɓoye, a sani cewa abin da zai biya bai kai ƙwayar abin da garin zai rasa ba.

Wanda kuma ke da sha'awar tarawa, ga fage a buɗe wanda ba ya ɓata kome. Masu sassaƙa kwalekwale daga gungume guda suna ƙarewa, domin manyan itatuwa sun yi wuya, jirgin falanki ya maye gurbinsa. Mu je wurin tsofaffin masunta da sarakunan ruwa da littafi da biro. Mu tambayi sunayen sassan jirgi da Hausa, da Badanci, da Barbarci. Mu auna tsohon kwalekwale, mu zana filafili da gora da koma, mu rubuta shekarun manyan ambaliya da mashigan da suka ci mutane, yadda dattawa suka riƙe su. In mai tsohon filafili ya yarda ya ba makaranta, sai a manna masa takarda mai nuna wanda ya sassaƙa shi, da garin, da shekarar.

Kammalawa

Mun ga agogon da ya haura fam miliyan ɗaya, mun ga ƙararrawar da aka ɓoye aka dawo da ita, mun ga ƙarfen Dayspring a tashar Jebba. Amma a cikin dukan waɗanda muka ambata, wanda ya fi burge mu shi ne makiyayin Dufuna. Ba shi da jirgin nutso, bai je jami'a ba, ruwa kawai yake nema wa shanunsa. Ya ga abin da bai gane ba, ya tsaya, ya kai labari. Saboda wannan amana tasa, yau duk littafin da ke zancen tarihin jiragen ruwa a duniya dole ya ambaci kwarin da muke zaune a ciki.

Allah ya tsare masu fito da fasinjojinsu a daminar da ke tafe, ya kuma ba mu amana a kan abin da muka tarar. Amin.